Kwalba Mai Shuɗin Murfi

Yau sai dai ku yi haƙuri da ni, masu karatu, don a tsaye nake rubuta muku wannan. Na gwada bakin gado, na gwada kujerar falo, ƙafafuna sun ƙi yarda in zauna. Tun da satin nan ya kama ban ci abincin kirki ba, Umma kuma ta daina yi min magana sai da ido.

Bari in fara da aikina, don wanda bai san shi ba ba zai gane kan rigimar ba. A gida Likita suke ce min, amma ni ba likita ba ce, ko allura ban taɓa yi wa mutum ba. A ɗakin bincike nake aiki, a saman wani gini da ke bayan asibitin yara. Abin da muke yi shi ne kiwon ƙwayoyin ciwon daji. E, kiwo na ce. Idan likitoci suka cire ƙari daga jikin yaro, da izinin iyayensa sukan aiko mana da ɗan yanki, mu warware shi, mu zuba a ƙananan farantan roba masu wani ruwa ja-ja, mu ajiye a akwatin ɗumi. Kullum sai na canza musu ruwa, na leƙa su ta madubin ƙara girma in ga yadda suka kwana. Yayana yana cewa ni kaɗai ya sani da ke rainon abin da take son kashewa.

Kowace ƙwaya a jikin mutum tana jiran saƙo kafin ta rabu biyu. Saƙo ya zo ta ƙaru, ya tsaya ta tsaya. A ciwon da muke bincike a kai, saƙon ne ba ya yankewa, kamar wanda ya ɗora yatsa a kan ƙararrawar ƙofa ya ƙi ɗagawa. Mu kuma maganin da zai toshe hanyar saƙon muke nema. Akan aiko mana da sinadarai a 'yan kwalabe, mu ɗiga, mu jira. Yawancinsu ba sa yin komai. Ƙwayoyin su ci gaba da hayayyafa har ruwan ya koma rawaya, mu zubar, mu sake.

To, a wannan ɗakin na haɗu da shi. Injiniya ne, shi ke kula da manyan firizojin da muke ajiye kwalaben a ciki. A wayata Mai Sanyi na sa masa, kuma sunan ya dace da shi ta ko'ina. Mutum ne da ba ya ɗaga murya, ba ya sauri, ko shayi sai ya huce yake sha. Ranar da ya fara yi min magana, tambayata ya yi ko jajayen farantan nan ana ci ne. Na harare shi ta saman takunkumi, ya ce shi dai ya ga ina lallaɓa su kamar miya. Daga nan aka fara. Yanzu kuwa har Baba ya san takunsa a ƙofar gida, Gwaggo, ƙanwar Baba, ta ishi kowa da tambayar yaushe manyansa za su zo, Umma ta canza labulen falo sau biyu.

Mai Sanyi yana da yaya mace, tela ce, ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Tana da 'ya guda ɗaya tilo da ake ce wa Lauya, saboda ba a faɗar magana a gabanta ta bar ta ta wuce. Ba ta kai shekara bakwai ba. Ranar farko da ya kai ni gidansu ta kalle ni tun daga takalmi har mayafi, ta ce wa kawunta wannan ta fi ta hoton waya gajarta. A bara aka gano ƙari a cikin yarinyar. An yi mata aiki, an yi ta ƙara mata ruwan magani har gashinta ya zube, uwarta ta ɗinka mata huluna kala-kala da ragowar yadi. Ya lafa, kowa ya yi hamdala. Kwanakin baya kuma likitocin suka kira uwar gefe suka ce ya dawo.

Duk wannan na sani. Ku riƙe shi, don kada ku ce ban faɗa ba.

A farkon watan nan aka kawo mana sabbin kwalabe, a cikinsu akwai wata mai shuɗin murfi. Na ɗiga ta kamar sauran, ban sa rai ba. Da na dawo na buɗe akwatin ɗumi, duk farantan sun koma rawaya sai layi guda da ke nan jawur kamar yadda na bar shi. Na sa a madubi. Ƙwayoyin sun tsaya cik, wasu ma sun dunƙule sun taso sama. Na sake gwadawa, haka. Na kira Farfesa, shugabarmu, mace mai tsauri wadda murmushinta ya fi ruwan sama a rani wuya. Ta daɗe da idonta a madubin, ta ɗago ta ce in maimaita, sannan in gwada shi a kan lafiyayyun ƙwayoyi kafin in fara rawa.

Ni kuwa na riga na fara. Na shige banɗaki da wayata, na tura wa Mai Sanyi hoton farantin.

Na rubuta: "Kalli! Yau mun samu wanda ya tsayar da su."

Ya turo hoton tafi. Can sai ga wani saƙon: "Irin na Lauya ne?"

A nan ne na tuna da wa nake magana. Zan iya cewa a'a, amma ban saba yi masa ƙarya ba. Na rubuta cewa iri ɗaya ne, amma wannan a faranti ne kawai, ba a taɓa gwada shi ko a kan ɓera ba, tsakaninsa da jikin mutum akwai shekaru. Na rubuta mai tsawo, na goge, na sake. Ya karanta. Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta ɓace. Bai turo komai ba.

Ranar hutu da yamma ina ɗaki ina guge farar rigar aikina, Umma ta leƙo ta ce in sa kayan kirki, muna da baƙuwa. Na ɗauka ɗaya daga cikin ƙawayenta ce. Na zura doguwar rigata koriya mai ƙananan maɓallai a wuya, na yafa farin mayafi, na fito. Ina ganin kofunan nan masu zanen zinariya a kan tire, waɗanda ba a fito da su sai ga manyan baƙi, na san akwai magana. Yayar Mai Sanyi ce zaune a bakin kujera, gaba ɗaya ta rame, awarwaronta har gwiwar hannu yake zamewa. Gwaggo na gefenta, ba a gayyace ta ba amma ta ji ƙamshin zance.

Muka gaisa, na tambayi jikin Lauya. Ta ce da sauƙi, irin da sauƙin da ake faɗa da baki kawai. Ba ta taɓa shayin ba. Ta yi ta murza gefen mayafinta, sai kawai na ga ta zame daga kujera ta durƙusa a kan kafet, a gabana, matar da ta girme ni nesa ba kusa ba.

Ta ce, "Ƙanwata, ya nuna min hoton. Ban zo in sa ki a matsala ba. Ko ɗigo ɗaya ne ki taimaka min. In wani abu ya faru, ni na ce a ba ta."

Na durƙusa ni ma, na riƙe hannayenta, yatsunta duk sun yi kanta saboda almakashi. Na yi mata bayani iyakar iyawata. Na ce ba magani ba ne tukuna, sinadari ne. Babu wanda ya san yawan da jiki zai ɗauka, babu wanda ya san abin da zai yi wa hanta ko ƙoda. Na ce ruwan wankin banɗaki ma in ka zuba a farantin zai kashe ƙwayoyin. Ta saurara har na gama, tana gyaɗa kai, sannan ta ce likitoci sun ce mata dabararsu ta kusa ƙarewa, to me ya rage da nake tsoron in lalata?

Wallahi har yanzu da nake rubuta muku, ban da amsar da za ta shiga kunnen uwa. Na dai ce ba zan iya ba. Ta tashi a hankali, ta gyara mayafinta, ta yi wa Umma godiyar shayi, ta fita.

Ƙofa na rufuwa Gwaggo ta buɗe nata bakin. Wai boko ya busar min da zuciya. Wai mace ta durƙusa min a gidan ubana na mayar da ita hannu rabbana, da wane ido zan shiga danginsu gobe? Wai ita ta san irinmu, sai an yi shekara goma ana rubuce-rubuce, yaran mutane na tafiya. Umma ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi min ciwo. Tana tattara kofuna ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Auta, da ke ce a kwance, da na fasa ƙofar wurin na ɗauko." Baba yana daga ɗakinsa da rediyo, na ji ya rage murya, amma bai fito ba. Yayana kaɗai ya turo min saƙo daga wurin aikinsa cewa in daure, in kuma Gwaggo ta matsa in ɗiga mata a shayi mu gani. Na yi dariya da hawaye a fuskata.

Shi kuma Mai Sanyi ya zama sunansa na gaske. Mutumin da ke tashina da saƙon "Likita, an ba 'ya'yan abinci?" ya koma "Ina kwana" tsurarta. In na tambayi Lauya ya ce tana nan. Na kira, ya ce yana kan aiki. Na tura masa dogon bayani, ya amsa da "Na gane." Ku da kuka taɓa so kun san babu kalmar da ta kai wannan nauyi. Na yi ta duba wayar a mota, a matakala, har a gaban akwatin ɗumi da safar hannu, abin da Farfesa ta hana. Na ɗora ruwan zafi na manta da shi. Na fita da takalmi ƙafa ɗaya baƙi ɗaya ruwan ƙasa, sai a bakin titi na lura.

Kuma kada ku ɗauka ban yi tunanin ɗaukowa ba. Na yi. Kwalbar ba ta kai ɗan yatsana ba, aljihun rigata zai haɗiye ta. Duk lokacin da na buɗe firizar sai in ga kamar shuɗin murfin yana kallona.

Jiya da safe sakamakon gwaji na biyu ya fito. Muna da wasu lafiyayyun ƙwayoyin zuciya da muke ajiyewa don irin wannan. Abin mamaki ne ganinsu, don ko a faranti bugawa suke yi, gaba ɗayansu a tare, kamar ƙaramar zuciya a shimfiɗe. Na ɗiga musu mai shuɗin murfi daidai yawan da ya tsayar da ciwon. Da na sa farantin a madubi na kunna allon da ke haɗe da madubin, sai na ga shiru. Na motsa shi, na gyara haske, na duba wani gefen. Babu mai motsi. Farantin da ban ɗiga wa komai ba yana nan yana bugawa abinsa.

Na zauna a kan doguwar kujera. Kuka ya zo min ta hanya biyu, ban san wanne zan fara ba. Aikin da na sa wa rai ya rushe. Kuma da na saurari Gwaggo, da yanzu wani labarin nake ba ku.

Na tashi in mayar da kwalbar gwajin in sanar da Farfesa. Ɗakin firizojin yana ƙarshen baranda, kullum a rufe, ba ka jin komai a ciki sai gurnanin injina. Na tura ƙofar. Mai Sanyi yana tsugune a gaban babbar firizar, ƙofarta a buɗe, farin hayaƙin sanyi na zubowa a kan gwiwoyinsa. Shuɗiyar rigar aikinsa ce a jikinsa, akwatin kayan aikinsa a gefe, ko buɗe shi bai yi ba. Kuma na san ba ranar zuwansa ba ce.

Ya juyo. Idanunsa sun yi ja, gemunsa da kullum yake a gyare ya yi buzu-buzu. Muka kalli juna.

Ya ce, "Ban taɓa komai ba."

Na ce, "Amma ka buɗe."

"Na buɗe." Ya kalli hannayensa. "Jiya Lauya ta ce min, Kawu, kai da kake gyara komai. Ban san me zan ce mata ba."

Na ƙarasa na tura ƙofar firizar da kafaɗata har ta kama. Raina a ɓace yake, ina so in yi masa ihu, in tambaye shi ko ya san aikina da nasa duka ya ɗora a bakin rami. Amma na kasa. Na ce ya biyo ni. Na kai shi gaban allon, na sa farantin farko, na ce wannan zuciya ce. Ya matso yana kallon yadda take bugawa, har bakinsa ya ɗan buɗe. Na cire, na sa na biyun, na ce wannan ita ce bayan an ɗiga mata abin da ya zo ɗauka.

Ya daɗe yana jira ta motsa. Sai ya dafa teburin da hannu biyu, kafaɗunsa suka fara rawa. Ban taɓa ganin kukansa ba, kuma ba shi da sauti, irin nasa. Ina tsaye da safar hannu, ban san inda zan sa kaina ba.

A haka Farfesa ta same mu. Ashe firizar tana aika gargaɗi zuwa wayarta in ƙofa ta daɗe a buɗe. Ta kalli allon, ta kalle shi, ta kalle ni, ta ce mu same ta a ofis. Na bi bayanta. Na riga na fara tunanin yadda zan gaya wa Baba an sallame ni.

Shi ya yi magana, bai ɓoye komai ba. Ya faɗi ciwon Lauya, ya faɗi hoton da na tura masa, ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya ce ni ban san zai zo ba, har gida aka je aka roƙe ni na ƙi. Farfesa ta cire tabaranta ta ajiye. Ta ce maganar hoton da maganar firiza za a yi su, kuma ba za su yi daɗi ba, daga yau ba zai sake shiga ɗakin nan shi kaɗai ba. Sannan ta tambayi sunan likitan yarinyar.

Ta ce akwai abu ɗaya da za a iya gwadawa, kuma kada ya ɗauke shi alkawari. In likitocin Lauya da mahaifiyarta sun yarda, za a iya karɓo ɗan yanki daga ƙarin nata, a raya shi a faranti, a gwada masa magungunan da aka riga aka amince a ba yara, ko a dace da wanda ciwon nata ke jin tsoro. Wani lokaci akan samu, sau da yawa ba a samu. Kuma ƙwayoyin da aka ɗauko daga jikin yaro kai tsaye suna da wuyar sha'ani, a hannun mutane da yawa mutuwa suke kafin a gwada komai. Ta nuna ni da tabaran ta ce a duk ɗakin, a hannuna suka fi rayuwa.

Har na buɗe baki zan ce a kawo yau.

Ta ɗaga min hannu. Ta ce akwai doka, kuma ba ita ta kafa ta ba: wanda ke da dangantaka da iyalin mara lafiya ba ya taɓa farantinsa, ba ya ganin sakamakonsa, don zuciya tana sa ido ya ga abin da babu. In akwai wani abu tsakaninmu, za ta ba wani aikin, ni kuma ko kusa da akwatin ba zan je ba. Ta ce ba ta son a faɗa mata abu yau, gobe ta ji ana shirin biki.

Ta jingina da kujera ta ce, "To, mene ne shi a wurinki?"

Ban taɓa jin ofis ɗin ya yi ƙanƙanta haka ba. Na kalli gefen fuskarsa, na tuna hulunan Lauya a jere a kan igiya. Kafin in haɗa kalma ɗaya ya riga ni.

Ya ce, "Babu komai tsakaninmu, ranki ya daɗe. Firiza kawai nake gyara musu."

Muryarsa ko rawa ba ta yi ba. Farfesa ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce ba shi ta tambaya ba. Ta ce in je in yi tunani, in kawo mata amsa da bakina kafin ta kira likitan.

Ya ɗauki akwatinsa ya sauka ta matakala, bai jira ni ba. Na tsaya a tagar baranda ina kallonsa ya tsallaka harabar, ya nufi ƙofar asibitin yaran, kansa a ƙasa. A bakin ƙofar ya tsaya, ya ciro waya. Tawa ta yi motsi a aljihu.

"Ki ce mata babu komai tsakaninmu. Kuma in kin faɗa, ya zama haka ne. Ki yafe min, Likita."